Kuɗin inshorar jami'in kan iyaka da ciwo ya yi ajalinsa: na wanda aka rubuta sunansa ne ko na magada?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina rubutowa ne daga Mabera a nan cikin garin Sakkwato. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, jami'in Hukumar Shige da Fice ne, kuma shekarunsa na ƙarshe duk a iyakar Illela ya yi su. A ƙarshen damina ciwon ciki ya kama shi a wurin aiki, ya yi ta daurewa yana sayen magani a kemis har ciwon ya ci ƙarfinsa, aka kawo shi asibiti a Sakkwato, ya yi jinyar wata biyu, Allah ya karɓi abinsa. Yau wata huɗu ke nan. Ya bar mahaifiyarmu, da mata biyu, da 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku, babbansu shekararsa 13, amaryar kuma ya bar ta da ƙaramin ciki, har yanzu ba ta sauka ba. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa.

An kira ni daga ofishinsu an ce akwai kuɗin inshorar rai da za a biya, ban da na asusun fanshonsa, kuma sunana ne a takarda, domin lokacin da ya shiga aiki bai yi aure ba, ni ya rubuta. Malam, hankalina bai kwanta ba. Na sha jin malamai suna cewa inshora haram ce. Wani dattijo a unguwarmu kuma ya ce irin wannan kuɗi na wanda aka kashe a bakin daga ne, wanda ya mutu a kan gadon asibiti bai cancanta ba. Shin mu karɓa ko mu bar musu? Ni ne na ɗauki nauyin jinyarsa har na sayar da filina, kuma ni ke ciyar da gidansa yanzu. Wani malami ya ce in har kuɗin ya halatta to nawa ne, tunda kyauta ce daga gwamnati ga wanda aka rubuta sunansa.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, ya ba Inna haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ɗan'uwa, kuma na lura ka tsawaita a kan halaccin kuɗin, sannan ka ajiye maganar mallakarsa a ƙarshe, ka faɗe ta a taƙaice kamar mai jin nauyin furta ta. Wannan jin nauyi alheri ne a gare ka, domin haɗarin da ke cikin lamarinka can yake.

Abin da ka ji game da inshorar kasuwanci gaskiya ne, kuma shi ne ra'ayin mafi yawan malaman wannan zamani. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta haramta ta a zamanta na farko a shekarar 1398 bayan hijira, Shaihu Mustafa Zarƙa ne kaɗai ya saɓa, sannan Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta tabbatar da haramcin a 1985, ta nuna inshorar taimakekeniya, wadda ake kira takaful, a matsayin mafita. Sai dai waɗannan hukunce-hukunce suna magana ne a kan mutumin da ya je da ƙafarsa ya ƙulla ciniki da kamfani, yana zuba kuɗinsa don a ba shi abin da bai san ko zai samu ba, bai kuma san yaushe ba. Yayanka bai yi haka ba. Dokar fansho ta 2014, a sashe na 4, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta bai-ɗaya wadda ba ta gaza ninki uku na jimillar albashin ma'aikaci na shekara ba, kuma shi ne ke biyan zubin. Abin da za ka ga ana cirewa a takardar albashin marigayi, wanda dokar ta ƙayyade da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, na asusun fansho ne, wannan kuwa lamari ne dabam. Sashen bai tsaya nan ba, ya ce idan mai ɗaukar aiki ya ƙi ko ya kasa biyan zubin, ma'aikaci kuma ya rasu, to shi ne zai biya haƙƙin da kansa.

Ka riƙe wannan jumla ta ƙarshe da kyau, domin duk amsata a kanta ta ginu. Tana nuna cewa haƙƙin yana wuyan gwamnati ne saboda aikin da yayanka ya yi mata, kamfanin inshora kuwa hanya ce da aka bi don sauke shi, kuma ko da hanyar ta toshe haƙƙin yana nan. Idan akwai laifi a cinikin da aka ƙulla da kamfani, yana kan waɗanda suka ƙulla shi, musamman tunda hukumar kula da inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, uzurin rashin madadi ya ragu ƙwarai. Ɗaukar nauyin iyalan wanda ya mutu yana yi wa jama'a hidima kuwa tsohon aikin baitulmali ne tun zamanin Sayyidina Umar, bai buƙatar dogon dalili. Saboda haka ku karɓa, halal ne. Ina ƙara maka da cewa ba ka ma da ikon barinsa, domin mutum da dukiyarsa yake yin tsantseni, ba da ta marayu ba, kuma barin kuɗin a hannun kamfani ba ya tsarkake kowa. Idan kuka binciki takardunsa kuka tarar ya taɓa sayen wata inshorar da kansa da kuɗin aljihunsa a kamfanin kasuwanci, hukuncinta dabam ne: abin da ya zuba yana komawa cikin gado, ƙarin da ke kai kuma ana fitar da shi ga mabuƙata, marayun nan ma suna iya shiga cikinsu idan buƙatarsu ta tabbata.

Maganar dattijon unguwarku ta fito ne daga kyakkyawar zuciya mai tsoron haram, amma ba ta da tushe. Dokar ta rataya biyan ne a kan rasuwar ma'aikaci yana cikin aiki, ba ta rarrabe wanda harsashi ya yi ajalinsa da wanda ciwo ya yi ajalinsa ba. Akwai wata dokar dabam ta 2010 wadda ta shafi diyyar ma'aikacin da ya ji rauni, ko ya kamu da cuta, ko ya mutu ta sanadin aikinsa, kuma a nan ne nake jan kunnenka. Za ka iya haɗuwa da masu cewa a gyara takardar shaidar rasuwa, a rubuta cewa a bakin aiki ya faɗi ko aikin ne ya jawo ciwon, don abin da za a samu ya ƙaru. Kada ka yarda. Idan likitocin da suka duba shi sun tabbatar da alaƙa tsakanin ciwon da aikin, ku nemi haƙƙinku ba tare da jin kunya ba, idan kuwa ba su tabbatar ba, duk kwabon da aka samu ta ƙarya haram ne, kuma zai shiga cikin yaran da kake neman taimako.

Ta fuskar lahira ma mutuwa a kan shimfiɗa ba ta rage darajar mai tsaron iyaka. Hadisin Salmanu da Muslim ya ruwaito a kan ribaɗi, wato zaman tsaron iyaka, cewa ya yi idan mai ribaɗi ya mutu ladan aikinsa yana ci gaba da gudana, bai ce idan an kashe shi ba, kuma wanda ciwon ciki ya yi ajalinsa yana cikin waɗanda aka ambata da shahada. Mu mutanen Sakkwato muna da misali a kusa, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a ribaɗinsa na Wurno ya rasu a 1837 bayan jinya, can kuma kabarinsa yake. Ba mu yanke wa kowa hukuncin shahada, kuma ladan tsaro yana bin niyya da tsarkin hannu, amma mutumin da ya bar iyalinsa a Sakkwato yana kwana a bakin iyaka tsakanin Illela da Ƙonni, cikin sanyin hunturu da zafin bazara, muna kyautata masa zato, muna roƙa masa wannan lada. Ka faɗa wa Inna haka, zai sanyaya mata zuciya.

Yanzu sai maganar malamin da ya ce kuɗin naka ne. Ban raina ta ba, domin ba shi ya ƙage ta ba. Akwai malaman zamani masu daraja da suka tafi a kan cewa duk abin da hukuma ta biya bayan mutuwar ma'aikaci, wanda ba daga albashinsa aka cire ba, kyauta ce tata, tana zuwa ga wanda aka ambata, ba ta shiga gado. Ni ban ga wannan ya dace da irin kuɗin da kake tambaya a kai ba, kuma zan bi hujjojinsu a hankali don kada ka ɗauka tausayin marayu kaɗai ya sa na saɓa musu.

Babbar hujjarsu ita ce gado shi ne abin da mamaci ya mallaka yana raye, wannan kuɗi kuwa bai samu ba sai bayan ransa ya fita, matacce kuma ba ya mallaka. Wannan shi ne tunanin da aka taɓa yi game da diyya. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya tambayi mutane a Mina ko akwai mai wani ilimi game da diyya, sai Dahhaku ɗan Sufyanu ya miƙe ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuto masa cewa ya ba matar wani mutum da aka kashe, mai suna Ashyamu, gado daga diyyar mijinta, Umar ya ce masa ya shiga hema ya jira shi, da ya zo ya ji labarin sai ya yi hukunci da shi. Ashyamu bai taɓa riƙe ko raƙumi ɗaya na diyyarsa ba, mutuwarsa ce ta haifar da ita, amma aka raba ta a matsayin gado saboda sababinta a jikinsa yake. Malaman fiƙihu sukan kawo misalin maharbin da ya ɗana tarko ya mutu, washegari tarkon ya kama nama, suka ce naman na magadansa ne domin shi ya ɗana. To, shekarun da yayanka ya yi yana aiki su ne sababin wannan kuɗi, da bai sa kaki ba da ba a kira ka daga ofishin kowa ba.

Sai su ce ai gwamnati ce ta biya zubin, mai kyauta kuwa yana da ikon ba wanda ya ga dama. Ka duba siffar kuɗin ka gani ko ta yi kama da ta kyauta. Doka ce ta tilasta shi, da albashin marigayi ake auna shi, idan ya samu ƙarin girma adadin ya ƙaru, idan ya bar aiki kafin ajalinsa ya zo a daina lissafa shi, idan kuma aka hana iyalansa suna iya kai ƙara. Ba a kai ƙarar mutum don ya fasa kyautar da bai riga ya yi alkawarinta ba, ba a kuma auna kyauta da matakin albashi. Sannan gwamnati ba ta san ka ba, ɗan'uwa, ba ta zaɓe ka ba, alƙalamin yayanka ne ya rubuta sunanka, kuma da ya ga dama da ya soke shi ya sa wani ba tare da neman izinin kowa ba. Wanda aka bar wa ikon sa suna da cire shi, shi ne mai haƙƙin. Ka kuma lura da wani abu: hujjar da ta halatta muku karɓar kuɗin, wato kasancewarsa haƙƙin aikin marigayi a wuyan gwamnati, ita ce ta mai da shi gado. Ba daidai ba ne a kira shi haƙƙin aiki lokacin da ake neman halaccinsa, a koma a kira shi kyauta lokacin da aka zo rabo.

Inda maganarsu take daidai, ina yarda da ita. Idan shugaban hukumarsu ya zo ta'aziyya ya miƙa ambulan ya ce na matan marigayi ne, ko abokan aikinsa na Illela suka haɗa gudummawa suka ce ta karatun yara ce, wannan kyauta ce ta gaskiya, tana bin bakin mai bayarwa, ba a raba ta rabon gado. Haka nan a ƙasar da dokarta ta ayyana da kanta cewa fanshon mamaci na matarsa ne da ƙananan 'ya'yansa, ana bin abin da dokar ta ayyana, domin a nan mai bayarwa ne ya zaɓa.

Hujja ta gaba ita ce sashe na 8 na dokar 2014 ya ce kamfani ya biya wanda aka ambata a takarda. Haka ne, kuma wannan yana gaya wa kamfani hannun da zai damƙa wa kuɗin don ya sauke nauyinsa, kada ya shiga rigimar iyalan kowa. Amma ko da mun ƙaddara dokar ta mallaka maka, ai Manzon Allah da kansa ya ce wanda ya yanke masa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa bisa zahirin magana, yankin wuta ne ya yanka masa, balle fom ɗin ofis. Akwai kuma wani abu a wasiƙarka da ya ƙara warware mini lamarin. Ka ce kafin ya yi aure ya rubuta sunanka, babban ɗansa kuma yana da shekara 13, ke nan kafin 2014 aka cike takardar, a ƙarƙashin tsohuwar dokar fansho ta 2004. A waccan dokar kuɗin inshorar a asusun fanshon mamaci ake zuba shi, kuma matarsa da 'ya'yansa suna gaban makusancin da aka rubuta, shi sai idan babu mata babu ɗa ake komawa kansa. Saboda haka ranar da yayanka ya rubuta sunanka, abin da rubutun yake nufi ko a dokar ƙasa shi ne, idan na mutu ban bar iyali ba, a nemi ƙanena. Wannan matsala ba a ƙasarmu kaɗai ta taso ba, domin kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya ya yanke tun 1973 cewa wanda aka rubuta sunansa a asusun ajiyar ma'aikata ko a inshora matsayinsa na mai zartar da wasiyya ne, aikinsa ya karɓa ya raba wa magada. Abin da ya ruɗa mutanenmu shi ne fassara wannan gurbi na fom da kalmar magaji, alhali magaji Alƙur'ani ne ke ayyana shi.

Saura abu ɗaya da zuciya za ta iya raya maka, wato ko yayanka da kansa ya yi nufin ba ka. Idan kyauta ce, duk wanda ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya san kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu, idan mai bayarwa ya mutu kafin a karɓa ta koma gado. Idan kuwa wasiyya ce, a nan amana ta sa dole in faɗa maka abin da yake gefenka. Da yake marigayi ya bar 'ya'ya maza, sun katange ka daga gado, wanda ba magaji ba kuwa ana iya yi masa wasiyya har zuwa sulusin dukiya, wato kashi ɗaya cikin uku. Amma wasiyya sai ta tabbata, kuma kai da bakinka ka faɗi dalilin da ya sa ya rubuta ka, ka ce bai yi aure ba ne. Sunan da saurayi ya rubuta a ranar ɗaukar aiki, ya manta da shi har ya haifi 'ya'ya biyar, ba ya zama wasiyya a al'adar mutanenmu. Idan akwai shaidu adilai ko rubutun hannunsa da ke nuna cewa bayan aurensa ya sabunta takardar yana nufin mallaka maka, ka kai wa alƙali, abin da zai ba ka ba zai wuce sulusi ba, kuma babu mai ikon yafe ƙari a madadin ƙananan yara. Idan babu, to kai wakili ne amintacce, kuɗin kuma gado ne gaba ɗayansa, tare da na asusun fansho da ragowar albashinsa, waɗanda babu saɓani a kansu.

Ban manta da filinka ba, kuma na san ba banza ka ambace shi ba. Ka tambayi zuciyarka abin da ka ƙudurta ranar da ka sayar. Idan rance ka yi nufi, ko kun yi magana da marigayi cewa zai biya idan ya tashi, to bashi ne, ana biyanka kafin a raba komai, bayan ka gabatar da rasiɗan asibiti da shaidunka ga alƙali, ya rantsar da kai idan ya ga buƙatar haka. Idan kuwa don Allah da zumunci ka yi, ba ka sa ran komai ba, ladanka yana wurin da ba ya ɓata, kuma ba a mai da sadaka bashi don kuɗi sun bayyana daga baya. Haka hukuncin abincin da kake kaiwa gidansa yake. Daga yau ka sayi ɗan littafi, duk mudun shinkafa da kuɗin makarantar da kake son a mayar maka ka rubuta, ka sanar da iyayen yaran. Kuɗin mota da na takardu da za ka kashe wajen bin wannan haƙƙi ana mayar maka daga dukiyar. Ina kuma tunatar da Inna da matan marigayi aya ta 8 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da a ba dangin da suka halarci rabo wani abu, ya kyautu su tuna da kai daga rabonsu bisa son ransu.

Kafin rabo a fara da basussuka, har da ragowar sadaki idan akwai, da rancen ƙungiyar ma'aikata ta ofishinsu idan ya ci, ajiyarsa da ke can kuma ta shigo cikin gado. Aikin kan iyaka aiki ne da ake jarraba mutum a cikinsa da abin hannun matafiya da 'yan kasuwa. Ban san komai game da yayanka ba sai alherin da ka faɗa, amma idan ya taɓa ambata maka wani haƙƙi da ke damunsa lokacin jinya, ka sauke masa shi, wannan ya fi masa sadakar arba'in amfani. Bayan haka Inna tana da sudusi, wato ɗaya cikin shida, matan biyu suna tarayya a tumuni, wato ɗaya cikin takwas, ragowar na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. A cikin kowace naira dubu 24, Inna tana da dubu 4, kowace mace tana da dubu ɗaya da ɗari biyar, 'ya'ya suna da dubu 17. Sai dai a mashhurin mazhabarmu ana dakatar da rabo har mai ciki ta sauka, domin abin da ke cikinta magaji ne idan ya zo da rai, kuma sai ya zo za a san namiji ne ko mace. Kada wannan jira ya zama yunwa a gidan. Mai takaba ba ta da ciyarwa daga dukiyar mamaci, amma tana da haƙƙin zama a gidan idan nasa ne ko ya riga ya biya haya, saboda haka ku nemi izinin alƙali a riƙa ba su abin buƙata ana lissafa shi a cikin rabonsu.

Ka sani kuma baffa ba ya zama waliyyin dukiyar marayu don baffancinsa kawai. A wurin Malikiyya uba ne, sai wasiyyin da ya naɗa, sai alƙali. Ka je kotun shari'a da ke kusa da ku a naɗa ka ko a naɗa wanda aka ga ya dace, kuma takardar kotu da za a nema kafin a saki kuɗin fansho a sa sunan iyayen yaran ko wakilansu tare da naka. Ranar da kuɗin suka shigo asusunka, kada su kwana ba ka tara Inna da matan biyu da waliyyansu ka nuna musu adadin a rubuce ba. Na ga gidaje a garin nan da ba a ci kwabon kowa ba, amma ɓoye adadi kaɗai ya sa 'ya'ya suka tashi suna zargin baffansu har ya shiga kabari. Rabon yara a ware shi a asusu na dabam, kada ya gauraya da jarinka ko da da niyyar mayarwa ne. Zakka tana hawa kansa idan rabon kowane yaro ya kai nisabi, shekara kuma ta zagayo daga ranar da aka karɓa, don haka ne Sayyidina Umar ya yi umarni da a juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta, amma a juya ta a abin da alƙali ya amince da shi, kamar gida ko gona da sunan yaran. Duk wanda ya ce maka sai an ba shi kaso kafin fayil ya motsa, ka kai maganarsa ga na gaba da shi a rubuce.

Abokan aikin yayanka da ke Illela da Gada da Tangaza da Sabon Birni, da sauran masu kaki da wannan amsa za ta isa gare su, kowa ya nemi fom ɗinsa ya duba sunan wa ke ciki. Wanda ya yi aure ko ya haihu bayan cike shi ya sabunta, sannan ya rubuta a wata takarda dabam, da shaidu biyu, cewa wanda ya sa sunansa wakili ne da zai karɓa ya miƙa a raba bisa shari'a, ya ajiye kwafi wurin iyalinsa. Wanda yake son yi wa ɗan'uwan da ba ya gadonsa alheri ya rubuta masa wasiyya bayyananniya wadda ba ta wuce sulusi ba. Hukumar fansho ta ƙasa kuma ta buɗe wani rukunin ajiyar fansho da ake kira asusu na shida, wanda ba a juya shi da kuɗin ruwa tun 2021, ma'aikaci yana iya neman kamfanin fanshonsa ya mai da ajiyarsa can. Allah ne Mafi sani.